Kirsimetin Baƙi a Tudun Wada

Daga Maraɗi muka taso da asuba,
ni da Sila da Damaris da jaka uku,
ɗaya duk kilishi ne don Kangyang,
wadda ta ce in na zo hannu rabbana
kada ma in ƙwanƙwasa mata ƙofa.
A Jibiya na canza sefa, naira ta cika mini tafi.
Sila ya zare ido: Mama, mun yi kuɗi?
Na ce bari ka ji kuɗin mota tukuna.

Shekara goma sha huɗu rabona da Jos.
Duwatsun suna nan inda na bar su,
ɗaya bisa ɗaya, kamar tukwanen da aka kife bayan biki.
Damaris ta ce wa ya jera su?
Kafin in buɗe baki barci ya sace ta.

Kangyang ta yi ƙiba, ni na yi furfura,
muka tsaya bakin ƙofa muna tsiya
har hawaye ya zo ya raba faɗan.
Nanret ta iso daga Bukuru da buhun dankali,
har yau dariya ke riga ta kai ƙarshen labari.
Mu ne muka koyi yin allura a jikin lemu,
muka ja bargo ɗaya a ɗakin makaranta.
Mu huɗu ne a lokacin.
Ba wadda ta kira sunan Rauta,
an dai dafa gwaten acca da yakuwa da yawa
yadda take so,
muka sha da tsaminsa, ba ƙorafi.

Sanyin Jos ba ya kunyar baƙo.
Shaddar da na ɗinko musu, har da aiki a wuya,
ta ɓace ƙarƙashin suwaitar 'ya'yan mutane,
hannun riga ya wuce yatsu da taƙi guda.
Wahalar telana, ba wanda ya gani.

A coci suka ɗauko waƙar da muka sani,
kalmomi namu, amma suka bi da ita wani lungu.
Sila ya rera tasa ta gida iya ƙarfinsa,
yaran benci na gaba suka waiwayo.
Da azahar ya shigo da kuka,
wai sun ce Hausarsa irin ta kakanni ce.
Da la'asar na hango shi kan katanga
yana koya musu ƙirge da Faransanci,
cincin biyu kowane goma, ba bashi.

Kwano ya tsallaka titi da shinkafa da kaza
zuwa gidan Sa'adatu mai saƙa,
ya dawo da masa, da zafinta,
da saƙon a kawo mata baƙin Nijar ta gani.

A Farin Gada Damaris ta fara cin sitiroberi.
Ta yamutsa fuska, ta miƙo hannu a ƙara.
Uku ta ɓoye a aljihu don babanta
da muka baro yana aikin dare a asibiti.
Da ya kira, muryarsa na zuwa tana yankewa,
abin da na tsinta kawai: kun ci? kun ci?

Dare ya yi. Yara shida a katifa ɗaya, a gicciye,
ban san ƙafar wa ke kan cikin wa ba.
Mu kuma muna kicin, mun kewaye gawayi,
Nanret tana ba da labarin da muka ji sau ɗari,
muna gyara mata inda ta ƙara gishiri.
Kangyang ta ce, baɗi fa?
Na ce hanya da nisa.
Ta ce ba hanya na tambaye ki ba.

Da safe na tarar da aljihun ya yi jajir.
Na sa sabulu, na cuɗa, na sake cuɗawa,
ruwan sanyi na cizon yatsuna.
Bai fita ba.
Na shanya rigar haka nan kan igiyar Kangyang,
tsakanin kayan 'ya'yanta.